Kaskon Inna Tabawa

Ɗigo uku Injiniya Barira ta zuba, sannan ta ja kujera ta zauna tana kallon allo. A akwatin gilashin da ke gabanta ruwan kwata ne, kore shar, mai yauƙi, tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. A allon kuwa, inda na'ura ta ƙara girman ɗigon sau dubu goma, ana ganin abin da ta zuba: wasu 'yan injuna masu ƙafa shida, kowanne bai kai ƙwayar garin tuwo ba. Suka watsu cikin ruwan suka kama aiki. Kafin awa biyu ruwan ya fara washewa daga sama, kafin la'asar mutum na iya karanta rubutu ta cikinsa.

'Yan shara, haka Barira ta raɗa musu suna, kuma sunan ya bi su a duk Cibiyar Tsaftar Ruwa ta Sabon Zugo. Hasken rana ne abincinsu. Duk wani abu mai rai da girmansa bai kai ƙwayar gero ba, sai su kama shi su farfasa, ya zama ƙura ya kwanta. Daga gishirin da ke cikin ruwa suke ƙera 'yan uwansu, saboda haka ɗigo uku yau, gobe sun zama dubbai. Abin da ke tsayar da su wani ɗan faifai ne kamar murfin kwalba, wanda ake mannawa a jikin mazubi, ana ce masa linzami. Mataki-mataki ake murza shi a saita ƙarfin aikinsu, kuma shi ke gaya musu ya isa. Amma muryarsa ba ta wuce taku biyu, kuma ɗan sharar da ya fita daga nan bai san wata kalma wai ita ya isa ba. Don haka Cibiya ta kafa doka: ba mai fitar da su daga ɗakin gwaji sai an cika shekara ana awo. Saura wata biyar.

Sabon Zugo gari ne na dogayen benaye tara, kowanne hawa arba'in, an gina su a bakin inda Tafkin Zugo yake a da. Tafkin ya ƙafe shekara sittin da suka wuce. Yanzu faranten hasken rana ne shimfiɗe a cikinsa, ruwan sha kuma injuna ke tatso shi daga iska su turo ta famfo. Lokacin da aka kwaso masunta aka zuba su a benayen, kowane gida ya zo da abin da ya iya ɗauka. Wata mata ta zo da kasko guda cike da laka da ruwan ƙarshe na tafkin, da saiwar bado, da 'yar kainuwa, da ƙananan kifi biyar. Aka yi mata dariya. Da shekara ta zagayo badon ya yi fure a baranda, sai ga masu dariyar sun yi layi da ludayi.

Daga nan al'adar ta samo asali. Duk gidan 'yan tafki akwai kasko a baranda, ɗan lambun ruwa mai faɗin faifai biyu. Ba a fara sabon kasko da ruwan famfo zalla, sai an je an roƙo iri, wato ludayi guda daga tsohon kasko. Amarya idan ta tare sai ta roƙo. Wanda kaskonsa ya yi ciwo, ruwan ya canza ko ganye ya yi rawaya, sai ya roƙo. Mai roƙo ya ce, "Mun zo neman iri." Mai kasko ya ce, "Ruwa na Allah ne." Ba a tambayar dalili, ba a hanawa. A shekara sittin ba a taɓa jin wanda ya hana ba, ko tsakanin waɗanda ba sa ga maciji.

Matar nan mai kaskon farko ita ce kakar Barira. Kaskon yana nan a hawa na talatin da biyu, a barandar 'yarta Inna Tabawa, kuma shi ake kira uwar ruwa. A wannan gida Barira take tun da aurenta ya mutu.

Gaskiyar magana, kaskon ba abin kallo ba ne. Baƙi ne, bakinsa ya ɓantare a gefe guda, ruwansa kamar an dama kuka. Yana ƙarnin laka. Dodon koɗi na yawo a jikinsa, gansakuka ta yi masa gemu. Inna kan zauna gabansa da safe tana cire busasshen ganye tana yi wa kifin magana kamar jikokinta. Barira kuwa shekara goma sha ɗaya tana aikin ruwa, ta yi digiri biyu a kansa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa gaya wa abokan aikinta cewa a gidansu uwar ruwa take ba. Ranar da shugabansu, Dakta Sallau, ya ce a taro kaskon 'yan tafki ba komai ba ne illa otal ɗin sauro, har da ita a masu dariya, kuma tata ta fi ta kowa ƙara.

Sai aka yi wa Inna aikin gwiwa. Da ta dawo gida, Dakta Sallau ya ce ranar Asabar shi da mutum huɗu za su zo dubiya. Barira ta yi godiya, hankalinta na kan kaskon. Falon gidan ƙofarsa gilashi ce, duk wanda ya zauna, kaskon ne a gabansa. Ba za a iya ɗaga shi ba, ba za a iya rufe shi ba.

Ranar Laraba da safe motar asibiti ta zo ta ɗauki Inna zuwa gashin ƙafa. Barira ta tsuguna gaban kaskon, ta manna linzami a can ƙasan cikinsa ta wajen bango, ta fito da 'yar kwalbar 'yan shara daga jakarta ta ɗiga a ruwan. Ta gaya wa kanta cewa ɗan gyara ne kawai. Da ta bar linzamin a mataki na ɗaya, da gansakuka kaɗai za su rage, amma wannan sai ya ɗauki mako biyu. Kwana uku take da shi. Ta murza shi zuwa ƙarshe.

Ranar Juma'a Inna ta dogara sanda ta fito baranda, ta daɗe tana kallo. Da yake Barira 'yar fari ce, Inna ba ta faɗin sunanta.

"Ke 'yar nan, zo ki ga. Ruwan nan ya yi wani iri."

"Sauyin yanayi ne, Inna. Haka yake yi wani lokaci."

"Ni dai tun ina goye nake ganinsa, ban taɓa ganin gindinsa ba sai yau." Ta gyara riƙon sandarta. "To, ku ne masana."

Wannan kalma ta ƙarshe ta soki Barira, amma ta haɗiye.

Asabar baƙi suka zo da lemo da ayaba. Aka gaisa, aka yi wa mai jiki sannu. Dakta Sallau ya hango kaskon, ya tashi ya je ya tsaya a kansa yana riƙe da ƙugu. Ruwan garau, kifi na yawo kamar a iska, furen bado biyu farare a sama.

"Inna, ashe ke ma kina da shi. Kun gani? Da haka sauran suke riƙe nasu, da wa zai yi magana? Gidan injiniya dai gidan injiniya ne."

Barira ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin yabo. Daɗi ta ji, kuma daɗin ya kai minti biyar.

Sai aka yi sallama. Wata amarya ce, Hansai, da ta tare a hawa na sha tara, tare da gwaggon mijinta. Sabon ludayi ne a hannunta, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, mun zo neman iri."

"Ruwa na Allah ne," in ji Inna. "Miƙo, 'yata."

Barira ta san abin da ke cikin ludayin nan. Ta san gidan Hansai ya fi taku biyu. Kalma ɗaya ta isa: tsaya. Amma idan ta faɗa, dole ta faɗi dalili, a gaban mutumin da ya sa hannu a dokar ɗakin gwaji, a gaban uwar da ta yi wa ƙarya jiya. Ta buɗe baki, ta dubi Dakta Sallau yana murmushi yana ɗaukar hoton abin da wayarsa, ta rufe. Inna ta tsoma ludayin ta cika shi, ta yi wa amarya addu'ar zaman lafiya. Barira da kanta ta riƙe musu ƙofa suka fita.

Baƙi na tafiya ta lallaɓa ta kashe 'yan sharar kaskon Inna da linzami. Suka tsaya cak, amma tsayawa ce irin ta barci: duk wanda aka ɗebo aka yi nisa da shi sai ya farka. Ranar Litinin ta sato linzami bakwai daga ofis. Ta je gidan Hansai wai ganin ɗaki, ta yaba labule, ta yaba kujeru, ta faki ido ta manna ɗaya a ƙarƙashin kaskon. Tana murna a ranta, sai amaryar ta ce, "Ai Anti, ruwan Inna akwai albarka. Jiya maƙwabtana biyu suka ɗiba, sun ce ba su taɓa ganin mai haske irinsa ba."

Haka Barira ta zama mai zumunci dare ɗaya. Matar da a da ko a lif ɗin hawa bene ba ta cika gaisuwa ba, sai ga ta gida-gida, wannan barka, wancan jaje, hannunta a jaka. Mata suka fara cewa Allah ya shiryi 'yar Inna. Amma ƙafarta biyu ce, ludayi kuwa ɗari. Kuma abin da ba ta lissafa ba shi ne maganin da 'yan tafki suka sani. Kaskon da 'yan shara suka shiga, kwana huɗu yana sheƙi, a na biyar kainuwa ta fara rawaya, domin ƙananan halittun da ke cikin laka su ne ke dafa wa saiwa abinci. Mai kasko na ganin rawaya sai ya ɗauki ludayi ya tafi neman iri, kuma wane kasko zai zaɓa in ba mai kyan gani ba? Wanda nasa ya ci tura sai ya hau hawa na talatin da biyu, wurin uwar ruwa. Barira na ofis, Inna na gida tana ba kowa. Kullum da yamma sai Inna ta ce, "Yau mutum tara suka zo. Ko me ke damun kaskon mutane bana?" Kullum Barira sai ta ce gobe za ta faɗa.

A rana ta sha biyu ta dawo ta tarar da Baba Shekarau a baranda. Tsoho ne da ya haura tamanin, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa jefa taru a tafkin. Tafin hannunsa a buɗe, ƙananan kifi uku kwance a ciki, cikinsu a shafe. Inna na zaune a kujera, a cinyarta akwai ɗan faifai mai tambarin Cibiya.

"Baba ne ya ce a shafa jikin kaskon ko ya tsage," in ji Inna. Muryarta ba ta tashi ba. "Sai muka samu wannan. Naki ne?"

Barira ta durƙusa. Ta so ta fara da bayanin yadda na'urar take aiki, sai ta ji bayanin ya yi mata ƙazanta a baki.

"Nawa ne, Inna. Na zuba wani abu a ruwan ranar Laraba waccan."

"Don me?"

"Baƙi za su zo."

Inna ta dube ta, ta dubi kaskon. "Kunyarsa kika ji."

"Eh."

"Ranar da yarinyar nan Hansai ta zo, kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni na ɗiba da hannuna, na yi mata addu'a a kai."

Barira ta ƙura wa ƙasa ido. Da ƙasa za ta tsage daga hawa na talatin da biyu har gindin bene, da ta gode. Baba Shekarau ya rufe hannunsa a kan kifin, ya ce, "Yarinya, ni ba faɗa na zo yi ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ƙwayar badon da ke cikin laka, ita ma?" Ƙwayar bado ba ta kai gero ba. Barira ta gyaɗa kai. Tsohon ya ce innalillahi a hankali, ya miƙe ya nemi takalmansa.

Washegari Barira ta faɗa wa Dakta Sallau komai, aka ba ta linzami kwali-kwali da ma'aikata goma. Amma ƙwanƙwasa ƙofa Inna ta ce ba wanda zai yi sai Barira da kanta. Kasko dubu ɗaya da ɗari uku da sha ɗaya ne a benaye tara. A kowace ƙofa Barira ta faɗi magana ɗaya: ni ce na zuba, na sani na yi shiru, kada ku ba kowa, kada ku karɓa. Wasu suka zage ta, kuma waɗannan sun fi sauƙi. Masu wuya su ne waɗanda suka ce ba komai, suka kawo mata ruwan sha saboda darajar uwarta. Hansai ta yi kuka, don an fara cewa ƙafarta ce ba ta da kyau. Barira ta tsaya a tsakar hawa na sha tara ta faɗa da ƙarfi cewa amarya ba ta da laifi.

Kwana shida tana hawa tana sauka, tana ɗiban ɗigo daga kowane kasko tana sawa a na'urar awo, tana fatan ta ga wani abu ya motsa wanda ba ƙafa shida ba. A bene na bakwai ta samu kasko huɗu masu kore, ta yi sauri ta ɗibi ɗigo. Da ta duba, 'yan shara sun riga sun shiga, aikin ne bai fito sama ba. Ta tsayar da su, ta kwana uku tana jinyar ruwan da haske da ɗumi. Abin da ya tsira bai iya riƙe kansa ba, a mako guda ya ruɓe.

Cibiya ta ba ta takardar gargaɗi mai layi huɗu. Bayan wata biyu, da alƙaluman asibiti suka nuna zazzaɓin sauro ya ragu a garin, sai Dakta Sallau ya kira ta ofis fuskarsa a sake.

"Kin yi kuskure, ba musu. Amma dubi sakamako. Gwajin cikin gari da zai ci mana shekara uku ya yi kansa. Ana maganar lambar yabo. Tsirran kuwa ai sai mu haɗa musu wani ruwan. Kawo samfurin na asali mu karanta abin da ke ciki, mu ƙera irinsa."

"Babu samfuri, Dakta."

"Kamar yaya babu? A gidanku fa yake."

A firjin ɗakin gwajinta akwai kwalabe dubu biyu: ruwan kwata, ruwan masana'anta, ruwan rijiyoyin garuruwa goma sha takwas. Daga kaskon da take wucewa kullum da safe ba ta taɓa ɗiban ɗigo ɗaya ba. Ba ta ɗauka akwai abin sani a cikinsa ba. Ta ce ba ta son lambar, ta fito.

Ta gwada duk da haka. Ta sayo bado daga wani kamfanin furanni, ta haɗa laka da taki da ƙwayoyin halitta iri arba'in da littafi ya ce ana samu a tafki. Ya yi fure ja mai kyau. Baba Shekarau ya sunkuya ya shinshina, ya ce Allah ya yi albarka, bai ƙara komai ba. Ba wanda ya zo da ludayi. Mutane da yawa suka kife kaskonsu, wasu suka shuka albasa. Inna ba ta kife nata ba. Tana cika shi da ruwan famfo, ta zauna gabansa da safe hannunta a cinya, don babu ganyen cirewa. Ba ta sake tayar da maganar ba. Tana ce wa Barira sannu da aiki, tana ajiye mata abinci, kuma Barira ta gwammace a doke ta.

Wata Alhamis da hantsi aka yi sallama. A allon ƙofa suka ga wata dattijuwa da mayafi ruwan toka, jakar tafiya a kafaɗa, tsohon ludayin duma a hannu da 'yar gora. Ta ce sunanta Uwani, daga kudu take, kwana biyu a jirgin ƙasa. Iyayenta 'yan tafki ne da suka yi ƙaura. Kaskonsu ya fashe bara, ga jikarta za ta tare wata mai zuwa, aka ce mata uwar ruwa na nan a wannan gida.

Inna ta kama sandarta kamar za ta miƙe, sai ta sake ta.

"Ke 'yar nan, je ki. Uwata ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa ba. Bakina bai iya ba."

Barira ta buɗe ƙofa. Dattijuwar ta girme ta nesa ba kusa ba, amma ta rusuna saboda al'ada, ta miƙo ludayin da hannu biyu.

"Mun zo neman iri."

Amsar tana bakin Barira, ta ji ta sau dubu tun tana rarrafe. Ta durƙusa ƙasa da matar.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Babu."

Matar ta ɗaga kai, ta hango baranda ta cikin gilashi, inda kaskon yake cike har baki, rana na wasa a kansa.

"'Yata, ai ga shi can ina gani. Ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba."

"Ruwa ne kawai, Gwaggo. Ba kowa a ciki. Ni na kashe shi."

Dattijuwar ta daɗe tana kallonta, ludayin na nan a miƙe. Sannan ta janye shi a hankali, ta naɗe a gefen mayafinta, ta ce, "To, ina kuma zan je?"

Barira ta san sunan kowace rijiya a garuruwa goma sha takwas. Ta tsaya a durƙushe tana neman wuri ɗaya da za ta ambata, matar na jira.